Lissafin Gishirin da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo, ba ranar da zan fito daga masallacin unguwarmu a Daura wani bai tare ni ba. "Malam Habu, yaya Damagaram? An dace?" A makarantar da nake koyarwa a Baure ma haka, har maigadi sai da ya tambaya. Ni na jawo wa kaina, don kafin in tafi ba majalisar da ban zauna na ce na gano kuskure a littafin Turawa ba. Na gaji da cewa "Alhamdu lillahi" ina ƙara sauri. Bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare. Da girmana na koma jami'a neman digiri na biyu, ina fatan in samu koyarwa a kwaleji kafin ƙarfina ya ƙare. Aikin da aka ba ni a kan gishiri ne, wannan dai na miya. Da ido zai iya shiga cikinsa, da an ga ƙananan ƙwayoyi iri biyu a jere, wannan kusa da wancan, gaba da baya, sama da ƙasa, ba iyaka. Kowace tana ɗauke da cajin lantarki. Masu caji daban suna jan juna, masu caji iri ɗaya suna ture juna. Abin da ake so a sani shi ne ƙarfin da ya riƙe ƙwaya ɗaya a wurinta. Sai ka zaɓi guda a tsakiya. Shida na kusa da ita suna janta, ka tara. Goma sha biyu na bayansu suna ture ta, ka ɗebe. Takwas na gaba suna ja, ka ƙara. Haka za ka yi ta tafiya. Matsalar ita ce amsar ba ta tsayawa wuri ɗaya: ta hau, ta sauka, ta sake hawa, ko ka shekara kana tarawa.

Na fi shekara ina fama, sannan wata dabara ta zo mini. Na daina bin su zagaye-zagaye, na yanka gishirin kamar akwati. Ƙwayar da ta faɗo a jikin bango na ƙirga rabinta, ta kan gefe rubu'i, ta kusurwa ɗaya bisa takwas. Nan da nan amsar ta zauna a kan 1.7476, daidai da lambar da ke cikin jadawalin littafin da nake da shi. Ranar har sujada na yi. Daga nan na gwada dabarar a kan wani gishirin da ba a ci, sisiyam kulorayid, sai amsata ta saɓa da ta littafin. Na maimaita ya fi sau goma, tana nan yadda take. Na ce to, tunda dabarata ta ci a na farko, littafin ne ya yi kuskure a na biyu. A kan wannan na gina rabin kundina.

Malamin da ke duba aikina mutumin kirki ne, amma ba fanninsa ba ne, kuma bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam Habu, ba zan iya tsaya maka a kan wannan ba. Nemo wanda ya san abin, ya karanta ya sa hannu kafin ƙarshen watan gobe. Wa'adinka na ƙarshe ke nan." Ya ba ni sunan wani dattijo a Damagaram, Mushe Issufu, wanda ya yi karatun wannan fanni a Faransa, ya koyar har ya yi ritaya. Can ƙasar, mushe suke ce wa malamin boko. Ya ba ni lambar 'yarsa Rakiya, na kira, ta ce in zo.

Na tashi wata Laraba, damina ta yi tsakiya. Matata Hajara ta ɗaure mini dambun nama da kwalbar zuma in kai wa dattijon. Kundin yana cikin jakar ratayata. Akwai kuma wani kwali da na sa siffar gishirin da na haɗa da hannuna, da ƙwallon magarya da tsinken tsire, rabi na shafa musu jan fenti, rabi fari. Da ita nake nuna wa ɗalibai, ita nake so in nuna wa Mushe.

Daga tashar Daura zuwa Mai'aduwa ba abin da ya faru. A nan ne wata Hajiya mai ƙiba, 'yar kasuwar kanwa, ta shigo. Na ɗora kwalin a gefena, ina juyawa in gyara mata wuri sai na ji ƙaras. Ta ɗaga ta duba abin da ta zauna a kai.

"Wayyo Malam, ba dai ƙwai ba ne?"

"A'a Hajiya, gishiri ne."

Ta buɗe ta leƙa, ta dube ni, ta mayar ta rufe a hankali. Har muka isa Kongolam ba ta sake yi mini magana ba.

A Kongolam aka sauke mu. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka iyakar ƙasa wani abu ne babba. Hanya ce ɗaya, da rumfuna, da 'yan canji, da masu babur suna kiran masu zuwa Ɗan Barto, garin farko a gefen Nijar. Mutanen wannan gefe da na wancan suna gaisawa da sunan yara. A gefen Nijar wani jandarma ya karɓi katina, ya sa na buɗe kwalin. Rabin siffar ta karye, jajaye da farare sun zube a ƙasan kwalin. Ya ɗauki guda ya sunsuna.

"Wannan na mene ne? Magani?"

Na ce na koyarwa ne, na fara yi masa bayanin ja da turewa. Ya saurara har na kai kan goma sha biyun nan, sannan ya kira abokin aikinsa ya ce, "Zo ka ga wani mushen Najeriya, ya ce gishiri yana da lantarki." Suka yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce shi ma a lakwal, wato makarantar boko, lissafi ne ya kore shi. Ya mayar mini da katin ya ce Allah ya ba da sa'a. Na ji daɗin wannan addu'a fiye da yadda ya kamata.

Motar Damagaram tsohuwa ce, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Muka wuce Matamaye, muka wuce Kance. Kafin Takeita hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Direba ya ce maza su sauko a tura. Na sauka, na bar jakata a kan kujera, ban lura tagar wajen ba ta da gilashi ba. Da muka koma ciki na tarar ruwa ya shiga, shafukan farko na kundin sun manne da juna, tawada ta bazu. Na zauna ina ɓamɓare su ɗaya-ɗaya ina hura musu iska. Wani tsoho da ke kusa da ni ya riƙe mini gefe, yana zaton takardun gado ne. Ban gyara masa ba.

Bayan la'asar muka shiga gari. Layin wayata ya daina aiki tun Ɗan Barto, sai wani mai shayi a bakin tasha ya ara mini tasa. Rakiya ta turo mijinta da babur ya ɗauke ni. Ita unguwarzoma ce, mace mai magana a taƙaice, tana ta haɗa Hausa da Faransanci ba ta ma san tana yi ba. Suka ba ni ɗakin da ke ƙofar gida, da katifa da gidan sauro. Aka kawo dambun zogale da man gyaɗa. Da safe kuma aka kawo wani burodi dogo kamar sanda, mai tauri a baya, na rasa ta inda ake fara shi, sai da na ga maigidan ya karya da hannu ya tsoma a shayi. Shayinsu ma ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. Ɗan ƙaramin kofi ne mai ɗaci, sau uku ake zagayowa, kuma ba a tashi kafin na ukun.

Kafin ta kai ni wurin mahaifinta, Rakiya ta tsayar da ni a tsakar gida. "Malam, ban gaya maka a waya ba. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki bara. Hannun dama ba ya aiki, ido ma ya yi rauni. Amma kansa lafiya lau. Tun da na ce masa za ka zo yake tambayar yaushe."

Na same shi a kan kujerar roba, an sa masa matashi a baya. Ɗan siriri ne, fari fat da furfura. Akwatunan ƙarfe uku ne a jikin bango, cike da littattafai, na ga inda gara ta yi hanya a bayan ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo hannun hagu ya riƙe nawa bai saki ba.

"Kai ne mai gishiri? Zauna, ɗana. Karanta mini, ni idona ya tafi."

Na fara. Maganarsa tana fita da ƙyar, amma tambayoyinsa ba wanda ya taɓa yi mini irinsu. Da ya sa na kusanto masa da shafi, ya ga lambar nan ta 1.7476, ya yi murmushi ya ce su da waƙafi suke raba lamba, ba da ɗigo ba, har yau in ya ga ɗigo sai ya ɗauka ƙuda ne ya yi kashi. Muka yi dariya. Da na zo kan rabi da rubu'i da ɗaya bisa takwas sai ya ɗaga hannu.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Baba. Ni na gano."

"Kai kaɗai? A Baure?"

"Ni kaɗai."

Sannan ya kira Rakiya ya ce ta buɗe akwatin tsakiya ta ɗauko wani littafi mai koren bango. Ya ce in buɗe wajen tsakiya in yi ta juyawa har in ga zanen akwati. Ban iya Faransanci ba, amma ba a buƙatar harshe a gane zane. Ga akwatina nan. Ga rabi a jikin bango, ga rubu'i a gefe, ga ɗaya bisa takwas a kusurwa. Takardar ta yi ja don tsufa.

"An san wannan tun ba a haife ni ba," in ji shi. "Yanzu ma an bar shi, akwai hanyoyin da suka fi shi, na'ura ke yi." Sannan ya ce, "Ba ka duba a wayarka ba?"

Gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce na duba, amma sama-sama. Duk lokacin da na ga wani rubutu ya fara kama da nawa sai in rufe, in ce kuɗin waya ne ke ƙarewa. Tsoron abin da zan gani nake yi.

Aka kira azahar. A garin nan bayan azahar komai rufewa yake yi, shaguna da ofisoshi, titi ya yi tsit har rana ta yi sanyi. Mu a Daura lokacin ne kasuwa ke ci. Na kwanta a ɗakin ƙofar gida ina kallon rufi, ina lallashin kaina. Na ce ba komai, dabarar ba tawa ba ce, amma kuskuren littafin ai ni na gano shi. Wannan kaɗai ya isa digiri.

Washegari da hantsi na karanta masa babi na huɗu, mai maganar kuskuren littafin. Bai katse ni ba har na gama. Sannan ya ce, "A gishirin nan na biyu, akwatin da ka yanka, wace ƙwaya ce a jikin bangonsa? Irin ta tsakiya, ko ɗayar?"

Na duba. "Irin ta tsakiya."

"Duka akwatunan da ka gwada?"

"Duka."

"To yanka wani, ka tsaya a kan ɗayar. Za ka ga wata amsa daban. Ɗaya ta wuce, ɗaya ta gaza, ta gaskiya tana tsakaninsu, ita ce ta littafin. A gishirin miya kowane bango a gauraye yake, shi ya sa ka dace. A wannan, bangon duk iri ɗaya ne, yana jan lissafin gefe guda. Ni ma na faɗa ramin nan ina ɗalibi. Sai dai ni akwai wanda ya fitar da ni a cikin mako ɗaya."

Damina biyu ban noma gonarmu ta gado ba saboda wannan babi. Ranar sunan ɗan ƙanena ina ɗaki ina tara lambobi. Hajara ta sha jin 'yan uwana suna cewa karatu ya taɓa ni, ta yi shiru don na ce mata ta ƙara haƙuri kaɗan.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ya fi ba ni kunya, amma na ce zan faɗi komai. Na zaro takardar sa hannu daga jaka na ajiye a kan gwiwarsa. Na ce, "Baba, a jami'armu ba wanda zai gane. Ka taimake ni. Ko da hagu ne."

Rakiya tana bakin ƙofa, na ga ta sunkuyar da kai ta fita. Shi kuwa ya shafa takardar da yatsunsa, ya ture ta a hankali.

"Ɗana, shekara talatin na koyar. Ba ni da gida sai na surukina, ba ni da ɗalibi ko ɗaya da ya bi wannan fanni. Tun da na bar aiki ba wanda ya zo ya tambaye ni wani abu game da shi sai kai. Abin da ya rage mini kawai shi ne ban taɓa sa hannu a kan lambar da na san ba daidai ba ce. Ka bar mini wannan."

Na roƙi gafara. Ya ce ba komai, ya ce in ƙara kwana biyu mu zauna ya nuna mini sabuwar hanya. Na ce ina da aji ranar Litinin. Gaskiya ce, amma ba ita ce ta hana ni ba. Ba zan iya ci gaba da zama a ɗakin nan ba, ina kallon akwatunansa da gara ke ci, ina ganin wanda ya fi ni sani nesa ba kusa ba ya ƙare a kujerar roba yana jiran baƙo. Ya sa Rakiya ta sa mini koren littafin a jaka. Na ce ban iya harshen ba. Ya ce, "Ni ma yanzu ban iya ganinsa ba."

Ban dawo ta Kongolam ba, don ban so jandarman nan ya tambaye ni ko an dace. Na bi ta Magarya na ɓullo Babban Mutum. Hanyar ta fi wuya, rabi a mota rabi a kan babur cikin taɓo, har takalmina ɗaya ya tsinke na ɗaure shi da leda. Kafin Baure muka wuce ta gefen gonarmu. Geron maƙwabta ya kai kafaɗa, tamu ciyawa ce da tumfafiya. Mai babur ya nuna ta da baki ya ce, "Ka ga wannan, an ce mai ita ɗan boko ne." Na ce haka na ji.

Hajara tana tankaɗe na shiga. Ta dubi fuskata, ta ajiye rariyar. "Ya sa hannu?" Na ce a'a. Ta ce, "To sai yaushe?" Na ce babu yaushe. Ta tashi ta kawo mini ruwa, ta koma ta ci gaba da tankaɗenta, tana share ido da gefen zane. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka wani abu a raina bai yarda ba. Na ce tsoho ne, mara lafiya, yana iya mantuwa. Na ɗauki sabon littafin rubutu na yanka akwatin yadda ya ce, ɗayar ƙwayar a jikin bango. Kwana huɗu na yi, bayan an tashi daga makaranta, ina zaune a ɗakin gwaji ni kaɗai. Ranar ta huɗu da la'asar amsar ta fito. Ta gaza daidai gwargwadon yadda waccan ta wuce. Na haɗa su na raba biyu, sai ga lambar littafin.

Wa'adin ya cika a ƙarshen watan, ban kai komai ba. Malamina ya kira sau biyu, na gaya masa gaskiya, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Na ga ya kamata Mushe ya san cewa na gwada. Na kira lambar Rakiya. Ta ce ciwon ya sake buge shi kwana uku bayan tafiyata, yanzu ba ya magana ko kaɗan, amma suna ganin yana ji. Na ce ta kara masa wayar a kunne. Na gaishe shi, na ce Baba, Habu ne, mai gishiri. Na karanta masa amsar farko, na karanta ta biyu, na karanta ta tsakiya, lamba ɗaya-ɗaya a hankali, ina cewa waƙafi a inda mu muke cewa ɗigo. Ba na jin komai sai numfashinsa. Can Rakiya ta karɓi wayar.

"Malam, me ka gaya masa? Yana ta ɗaga kai."

Na ce, "Na gaya masa shi ke da gaskiya."